Kibiya Ɗaya, Hannu Biyu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe

Likita ne ya ce in riƙa rubuta shafi guda kullum da hannun dama. Wai motsa jiki ne. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina riƙe da zarto, yau biro ne zai motsa mini jiki. To ga shi ina rubutawa, don kada mamar yara ta kai ƙarata.

Sati shida ya yanka mini. Ba shago, ba tuƙi, ba tsayuwa kusa da inji. Na ce, "Likita, ka san ƙofa arba'in da biyu?" Ya ce bai sani ba. Na ce to ni na sani, don suna can suna jirana. Ƙofofin sabon otal ne, da katakon da aka yi wata biyu ana jiran isowarsa, kuma ƙarshen watan nan mai otal yake son ya gan su a rataye. Ya yi dariya irin ta wanda bai taɓa ɓata katako ba.

Abin da ya faru ranar Alhamis a gaban inji ba wani abu ba ne. Jiri ne ya kayar da ni. Na gaya wa mutanen shago gajiya ce, kuma a haka maganar za ta tsaya.

Doka ɗaya gare ni tun ina da benci ɗaya a bakin titi: ba a yanka katako sai idona ya ga awo. Ko da na sayo injin nan mai kwamfuta, mai yanka da huda da kansa, ban sauya ba. Fensir ya zana, ni in duba, ni in danna "an amince", sannan inji ya tashi. Fensir shi ne babban ma'aikacina, shekara ashirin da biyu muna tare. Ni na laƙaba masa sunan, don sirantarsa da kuma wanda ba ya rabuwa da bayan kunnensa. Ya iya aiki, ban musa ba. Amma shago nawa ne.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 4:05 na yamma

An samu mafita. 'Yata ta fari, wadda muke kira Injiniya tun tana kwance mana rediyo a gidan nan, ta je shago da safe ta sa wata manhaja a kwamfutar ofis. Ta dawo ta sa irinta a laftof ɗinta, ta ajiye mini a kan teburin ɗakina.

"Baba, ka ga wannan lambar? Ta kwamfutar shago ce. Ka sa ta nan, ka sa kalmar sirri, shi ke nan ka shiga."

Na sa. Sai ga allon shagona a gabana, har da hoton tsohon bencina da na ɗora a kai. Ga zanen ƙofofi a jere. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

"Yanzu linzamin kwamfutar da ke hannunka shi ke juya ta can. Amma fa ka sani, Baba, duk abin da ka..."

"Na gane."

"Tsaya mana in ƙarasa."

"Kina aji uku na sayi injin nan. Na gane."

Ta kalli uwarta. Mamar yara ta ce, "Ƙyale shi, ai ita kanta kwamfutar shi ya ƙera ta." Suka kwashe da dariya. Na bar su.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne ba mai ganina. Ina ɗakina, ƙofa a rufe, ina leƙa shagona kamar ta taga, in duba, in danna, su dai su ga an amince. Da likitan ya san da wannan da bai yi mini dogon bayani ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 11:50 na safe

Wanda ya tsara manhajar injin nan ba shi da tausayi. Maɓallin "an amince" bai kai farcen ɗan yatsa ba. Kibiyar da linzami ke juyawa a allo ta je kusa da shi, ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa. Ta yi sama, ta yi ƙasa. Minti bakwai. A ƙarshe na sa hannun hagu na danne tsintsiyar na dama, sannan ta tsaya.

Linzamin ne ba shi da kyau.

Fensir ya kira. "Maigida, an ga amincewa. Mu tashi inji?"

"Me kuke jira?"

A bayansa tsit, ko ƙarar guduma babu, kamar duk shagon an tsaya cak. Ga shi nan, kwana shida da rashina har an fara zaman banza.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Na sa an sayo sabon linzami. Shi ma haka. Kayan yanzu duk ba su da ƙwari.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 12:10 na rana

Yau na nuna musu ina nan. Ƙofofin banɗaki shida, Fensir ya bar musu rata a ƙasa daidai da na ɗakunan kwana. Ya manta tayil ɗin banɗakin otal ɗin ya fi tudu. Da an yanka haka, da ba wadda za ta buɗu sai da kokawa. Na kira shi na ce ya ƙara milimita takwas.

Ya ce, "Gaskiya ne, Maigida. Idonka ba ya kuskure."

Na ce, "Ido kaɗai?"

Ya ce inji na kiransa. Inji ba ya kiran mutum.

Mamar yara ta fara kawo mini shayi rabin kofi. Na ce tsada ya yi ne? Ta ce wai don ya yi saurin hucewa.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 11:15 na safe

Ƙofofin hawa na biyu, guda goma sha biyu, zane ɗaya ne gaba ɗayansu. Fensir ya tafi otal auna katakon bakin ƙofa, ya ce a jira shi zuwa rana. Ni ba na jiran kowa a shagona. Na buɗe zanen na duba. Ina ƙoƙarin saukowa wajen maɓalli sai yatsana ya danna da kansa, kibiyar ta kama wani abu, allon ya ɗan yi walƙiya. Na tsaya na kalla. Komai yana nan yadda yake, a ganina.

Na amince. Na kira mai kula da inji na ce ya tashe shi.

Ya ce, "Ba za mu jira Fensir ba, Maigida?"

Na ce, "Sunan wa ke jikin allon ƙofar shagon nan?"

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 8:40 na safe

Goma sha biyu. Ramin makulli ya goce ciki da santimita huɗu, dukansu. Ba a cike irin wannan ramin a irin wannan katakon, ko makaho ya shafa zai ji.

Fensir ne ya kira ya faɗa mini, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Wa ya zana?"

"Ni ne."

"To?"

"Maigida, zanen da na bari ranar Asabar..."

"Zanen da ka bari ya yi me?"

Na ji numfashinsa. Na ji ya matsa wani wuri inda ba hayaniya.

"Ba komai. Allah ya kiyaye gaba."

Na kashe wayar. Shayin ya zube a kan takardar nan, shi ne wannan tabon. Teburin ne ba daidai yake ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Mai otal ya zo har gida. Na karɓe shi a falo, hannuna cikin aljihu. Ya miƙo nasa, na ce mura nake yi, kada in shafa masa.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Ni ba faɗa na zo yi ba. Sunanka na bi, kafintoci nawa na tsallake kafin in iso wurinka. Akwai ragowar katako, za a sake goma sha biyun. Amma wanda ya yi wannan ɓarnar kada ya ƙara taɓa mini ƙofa. In ba haka ba in kwashe kayana in kai wani wuri, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili zan faɗa masa. Wane ne?"

Mamar yara tana bakin labule da farantin ruwa.

Na ce babban ma'aikacina ne.

Bakina ne ya faɗa. Ta ajiye farantin ta fita, ko tsiyaya mana ba ta yi ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Ba abin rubutawa.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 9:55 na safe

Alhamdu lillahi! Yau na shiga, na duba ƙofa huɗu, na nufi maɓalli. Kibiyar ta ɗan yi rawarta, sai kawai ta miƙe sambal ta zauna a kansa, kamar ta san inda nake so. Na danna, ya shiga. Na biyu ma haka. Na uku ma haka.

Na ƙwala wa mamar yara kira na ce ta zo ta gani. Na ce, "Kin ga? Sati shida in ji wa?" Ta kalli allon, ta kalli hannuna, ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Matar nan ba ta iya murna ba.

Rubutun ne dai bai biyo ba tukuna. Dubi yadda layin nan ya gangara. Amma zai biyo.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

Yau ma sambal. Ƙofa biyar cikin rabin awa. Har wani zane da na so in ƙara girmansa in ga gefen da ake maƙala ƙofar, kafin in gama kai kibiya ya buɗe. Hannu ya dawo.

Mai otal ya turo saƙo sau biyu: "Ka cire shi?" Ban amsa ba.

Shekara ashirin da biyu. To amma Fensir ne ya ce shi ya zana. Da bakinsa ya faɗa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 3:45 na yamma

Injiniya ta shigo ba sallamar kirki, ta zauna a bakin gado da wayarta.

"Baba, manhajar nan tana rubuta duk lokacin da aka shiga da lokacin da aka fita. Zanen ƙofofin nan kuma an sauya shi ranar Asabar ɗin da ta wuce, sha ɗaya saura minti goma sha uku. A lokacin kana ciki."

"Sai aka yi yaya?"

"Kawu Fensir yana otal a lokacin."

"Tuhumar ubanki kike yi?"

"Tambaya nake yi."

"Da kuɗin zarto aka yi miki karatun da kike yi mini wannan tambayar."

Ba ta tashi ba. Ta ce, "Ranar da aka fara kai ni makaranta kana da aiki. Kawu ne ya riƙe hannuna har bakin aji. Da fensirin bayan kunnensa na yi rubutun farko, don ka manta ba ka saya mini ba."

Na ce ta ja mini ƙofa. Ta ja, a hankali, irin jan da ya fi bugawa ciwo.

Abin da yaran nan ba su sani ba: ranar da aka ce hannun maigida ya lalace, ranar shago ya mutu. Ba wanda ke kai katakonsa wurin kafinta mai... Ba ni da lokacin wannan maganar.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 8:15 na safe

Na kira Fensir. Na ce ya je gida ya huta har a gama aikin otal, daga baya mu ga abin da za a yi. Na ce mai otal ne ya matsa.

"To, Maigida. Wa zan ba makulli?"

Na zaci zai yi gardama. Na shirya masa amsa tun jiya. Bai ba ni inda zan sa ta ba.

"Ka ba mai kula da inji."

"To. Alfarma ɗaya nake roƙo. Akwai wani falanki da na kafa a ofis, gefen allo. Don Allah kada a cire."

"Falankin me?"

"Na tare ƙura ne."

Ofis ɗin da ke da gilashi ta ko'ina, wace ƙura?

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 10:50 na safe

Minti goma sha tara. Kibiyar ta ƙi zama. Na danne da hagu, ta ƙi. Na buɗe abin da ban nufa ba har sau uku. Na rufe laftof.

Ban amince da komai ba yau.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Haka ma yau. Mai kula da inji ya kira sau huɗu, yana tambaya ko su jira. Inji kwana biyu a kwance. Ƙarshen wata saura kwana goma sha ɗaya.

Ranar Juma'a lafiya lau take. Me ya canza daga Juma'a zuwa yau? Maganin ɗaya ne. Linzamin ɗaya ne. Teburin ɗaya ne.

Netwok ne, wataƙila.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 2:10 na rana

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ko zai ci shafi uku.

Da safe na shiga kwamfutar shago, na gwada, ta ƙi. Na ce to bari in je da kaina in danna a can, in ga ko netwok ne. Na bar laftof a kunne, na fice ta ƙofar baya ban gaya wa kowa ba, na tari tasi.

Shago yana nan yadda na bar shi, sai dai shiru. Katakon otal a jere jikin bango, lalatattun goma sha biyun an juya fuskarsu. Mutane suka taso da gaisuwa, "Sannu Maigida, ya jiki, ya ƙarfin jiki," da murya sama fiye da yadda ake buƙata. Kowa yana kallon fuskata ƙur. Ba wanda ya kalli aljihuna. Mutum tara, ko ɗaya bai kalla ba. A nan na fara zargin wani abu.

Na nufi ofis. Allon kwamfutar nan ni na zaɓo shi da kaina, mafi girma a shagon da ake sayarwa, na sa aka rataye shi sama yana fuskantar filin aiki, don mai shigowa ya hango zanenmu tun daga bakin ƙofa. Yanzu an kafa masa falanki a gefe da sama, kamar rumfa, yadda daga fili ba a ganin komai. Aikin Fensir ne, na gane haɗin kusurwar. A gaban teburin ga wata 'yar kujera da ba ta nan a da.

Ina tsaye ina kallo, sai kibiyar da ke kan allon ta motsa.

Ba kowa a teburin. Linzamin ofis yana ajiye. Ta yi dama, ta yi hagu, ta yi zagaye.

Na ciro waya na kira gida. "Me kike yi?"

"Kai kana ina? Na shigo ɗakinka ba ka nan. Teburinka nake gogewa."

"Kin taɓa linzami?"

"Na ɗaga shi na goge ƙarƙashinsa. Laifi ne?"

Na ce ba laifi. Na zauna a kan 'yar kujerar.

Ashe ba taga ba ce. Ashe duk abin da na yi a ɗakina, da ƙofa a rufe, nan yake fitowa, a kan allon da na saya don a hango daga titi. Minti bakwai ɗin nan. Minti goma sha tara ɗin nan.

Mai fenti ne ya shigo, tsohon da ya girme ni, wanda bakinsa ba ya riƙe magana. Ya jingina da ƙofa yana goge hannu da tsumma.

Na ce, "Tun yaushe kuke gani?"

"Ranar farko kaɗai, Maigida. Mun zaci kwamfutar ce ta haukace, duk muka ajiye aiki muna kallo. Da Fensir ya gane, sai ya daka mana tsawa, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa sanin yana da murya ba sai ranar. Kafin a tashi ya kafa falankin nan."

"Kujerar fa?"

"Wannan bayan ƙofofin ne. Ya ce ba zai sake yin nisa ba. Da ya ga alamar ka shigo, ko me yake yi sai ya ajiye, ya zo ya zauna, ya ɗora hannu a kan linzami."

"Yana me?"

Ya kalle ni kamar na tambaye shi launin farin fenti.

"Yana raka ka, Maigida."

Alhamis da Juma'a. Har na kira mamar yara ta zo ta gani.

Ban danna komai ba. Na fito na tari tasi.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Ban kunna ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 1:40 na rana

Injiniya ta kai ni gidan Fensir a mota. Duk hanya ba ta ce "ai na gaya maka" ba. Da ta faɗa da na samu abin yi wa faɗa.

Na tarar da shi a tsakar gida yana gyara ƙafar wani tebur. Ya miƙe da sauri, ya share mini kujera da hannun rigarsa. Ya kawo ruwa. Rabin kofi.

Na kalli kofin, na kalle shi.

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin ka faɗi, Maigida. Wajen wata biyar. Tun da ka fara cewa in ja layi kai ka duba."

"Ka kuma yi shiru."

"Kai ma ka yi shiru."

Ban taɓa jin ya mayar mini da magana ba sai yau. Na ce ya dawo aiki ranar Litinin, zan san yadda zan yi da mai otal. A raina na ce magana ta ƙare.

Ya zare fensirin daga kunnensa yana juya shi. Ya ce, "Maigida, ranar da ka ce ni ne, na ɗauki laifin, don na ga ba ka da inda za ka ajiye shi. Ban yi da-na-sani ba. Amma mutanen nan ni nake tsayawa a kansu in ce wannan awon bai yi ba, a sake. Wasu sun san gaskiya, wasu suna zato, waje kuma an ji babban ma'aikacinka ya huda ƙofa goma sha biyu a karkace. Jiya wani ya tambayi matata a kasuwa. Da wace fuskar zan koma in ce wa mutum sake awo?"

Na ce, "Me kake so?"

"Ba na son komai. Ka tambaye ni ne na faɗa."

Na sha ruwan. Ko rabin ma sai da ya ɗiga a rigata. Ya juya yana duba ƙafar teburinsa har na gama gogewa.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Mamar yara ta same ni zaune gaban laftof a rufe. Ta ce, "Wai tsoron me kake ji? Kada su sani? Sun sani. Ni na sani, 'yarka ta sani, mai fenti ya sani, wanda ke nufin duk layin ya sani. Kai kaɗai ka rage ba a gaya wa ba."

Na ce ta kira mini Injiniya.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 11:35 na safe

Na sa Injiniya ta ɗauko Fensir ta kai shi shago. Na kira mai otal na ce ya same su can ƙarfe goma, akwai abin da zan nuna masa. Na ce a cire falankin. Na ce ta buɗe mini farin shafi a allon da manyan baƙaƙe, ta tara kowa, ta bar wayarta a buɗe yadda zan riƙa jin su.

Ta ce, "Baba, ai kana iya faɗa ta waya."

Na ce a inda na yi ɓarnar, a nan zan gyara.

Na shiga. Sai da na kai kibiya kan shafin, suna kallo, ba rumfa. Ta yi rawarta son ranta. Ban danne ta da hagu ba. Rubutun ma da hagu da na gama cikin minti biyu. Da dama na yi, yatsa ɗaya, in buga ba daidai ba in goge in sake. Ta waya ba abin da nake ji sai fankar ofis.

Minti goma sha huɗu. Ga abin da na rubuta:

NI NA GOCE RAMIN MAKULLI. HANNUNA YANA RAWA. FENSIR BAI TAƁA ƁATA MINI KATAKO BA. NA YI MASA ƘARYA.

Sai muryar mai fenti: "Maigida, mun karanta. Don Allah ka huta haka nan, ni kaina na gaji da taya ka."

Wani ya yi dariya, sauran suka bi. Ban ji ta Fensir ba.

Mai otal ya karɓi wayar. Ya ce, "Na ce wanda ya yi ɓarnar kada ya ƙara taɓa mini ƙofa."

Na ce, "Ba zai ƙara taɓawa ba. Zai duba da ido, kamar yadda ya duba na banɗakinka, shi ya sa suke buɗuwa. Taɓawa kuma akwai mai yi."

Ya ce, "Ƙarshen wata dai."

Na ce ƙarshen wata.

Na ji an ja 'yar kujerar nan. Shafina ya rufe, zanen ƙofofin hawa na biyu ya buɗe, ya ƙaru daidai wajen makulli, ya tsaya yana jirana. Na duba rata, na duba tsayi, na duba ramin sau biyu.

"Maigida?" Muryar Fensir ce, a dishe.

Na ce, "Awo ya yi."

Na ɗauke hannuna daga kan linzami. Kibiyar ta tashi daga inda na bar ta, ta gangara sambal, ta zauna a kan maɓallin. Ta waya na ji inji ya tashi.

Hannun yana kan cinyata yanzu-yanzu kafin in ɗauki biro, yana abin da ya saba. Na ƙyale shi.